Jiƙon Wurma

A tashar Dutsin-Ma, cikin motar Kurfi, wata dattijuwa ta dubi yaron da ke kwance jikin uwarsa.

"Baiwar Allah, me ke damunshi?"

"Kumburin hanji ne, Inna. Ya daɗe yana zawo da jini. Jiƙon Wurma nake ba shi, da ƙwayar asibiti."

"Wanne ke aiki?"

"In ya samu sauƙi, jiƙon ne."

"In ciwon ya tashi fa?"

"Ai ƙwayar ce ta yi mashi ƙarfi."

"Lallai mai jiƙo ya iya sana'a. Likita ya sani?"

"Ya tambaya, na ce ba na ba shi komai."

"Madalla. Haka na ce da na kai jikana."

"Ya warke?"

Dattijuwar ta juya ga taga. "Direba, mu tafi mana."