Mashin Ɗin Malam Usmanu Bai Tsufa Ba

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah gafarta Liman, shugabannin manoman albasa na Aliero, baƙinmu na Jega da Maiyama, uwargida Hajiya Iklima da ɗiyan marigayi Malam Usmanu Tamu, assalamu alaikum.

Ni ne Almu. An ce in yi magana a madadin mu masu ciwon suga da Malam ya riƙe. Ku yi haƙuri da muryata, zuciyata tafasa take yi.

Malam ya kasance mutumin da ya koya muna awon jini a gida. Ranar kasuwar Jega sai ya zauna da ɗan mashin ɗinshi, ya soki yatsan duk wanda ya miƙo. Na je mishi ina bugun ƙirji, wai na bar suga a shayi da kunu. Ya tambaye ni abin da na ci, na ce tuwon shinkafa kawai, sai hura. Ya yi dariya, ya nuna mini lamba. "Almu, cikinka bai san sunan abinci ba. Shinkafa, gero, rogo, duk suga suke komawa cikin jini."

Ya kasance yana hawa babur har Andarai don ya ce wa tsofaffi su auna kafin ci, su auna bayan abinci ya kwanta. Kullum cewa yake mashin ba ya yi wa kowa kara.

Shi kuwa ya kasance mai kara, kuma nan anka same shi. Wani amininshi da sunka tashi tare ya kawo mishi gari a leda, wai garin tuwon masu suga ne, an cire mishi suga. Har ya rantse da Allah. Malam, da yake shi ma yana da ciwon, ya ci, ya auna, lamba ta hau. Ya sake, ta ƙara hawa. Hajiya ta ce garin ne. Ya ce, "Iklima, mutumin nan fa ya rantse. Mashin ne ya tsufa." Ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ci gaba da cin tuwonshi. Da fartanya ta tsage mishi ƙafa a gonar albasa, miki ya ƙi rufewa, har abin da Allah ya ƙaddara ya faru.

Bayan rasuwa ɗiyarshi Khairiyya ta kai mashin asibiti, anka gwada shi da nasu, lamba ɗaya sunka nuna. Hajiya ta jiƙa sauran garin, warin rogo ya tashi.

An ci amanarmu, jama'a. Aminin nan da ya kawo ledar ya zo gaisuwa, ya zauna kan tabarmar nan yana share hawaye, kuma har yau yana sayarwa. Ledar nan tana cikin gidajenmu da yawa. Duk mai ita, don Allah kada a tuƙa ta yau.

Hajiya, kin faɗi gaskiya tun ranar farko, mun shaida. Khairiyya, babanku bai yi wauta ba. Ya kasa yarda ne cewa amini zai kama sunan Allah kan garin rogo.

Mun gode wa kowa. Ga mashin ɗin a hannuna, Hajiya ta ba ni. Bayan fatiha ina bakin zaure, kowa ya miƙo yatsa.

Allah Ka jiƙan Malam Usmanu, Ka haskaka kabarinshi, Ka ba iyalinshi haƙuri. Wanda kuwa ya rantse mishi da sunanKa, mun bar shi da Kai. Amin.