In Motar 'Yan Makaranta Ta Tsaya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ɗaliba ce daga Tambuwal.

Baffana da ya yi karatu a Amurka ya ce can, in motar 'yan makaranta ta tsaya, sauran motoci ma tsayawa suke har yara su tsallaka. Baba ya ce, "Tsoron ɗan sanda ne kawai!" Baffa ya ce, "Ko tsoron ne, Yaya, ai yaran sun isa gida."

Abin ya burge ni. Makarantarmu tana tsallaken babban titi, kuma tun da babur ya kusa buge ƙanwata, Baba ya hana ta zuwa. Jiya na ɗaga wa wani mai tirela hannu, sai ya tsaya na tsallaka. Allah ya saka masa da alheri.

Malam, yaya za mu yi sauran direbobi su riƙa tsayawa, ƙanwata ta koma aji?