Buhun Ciyawar Abuja

A tashar Batsari, Malam Armaya'u, dattijo daga Ruma, yana zaune kan benci yana jiran ɗan acaɓa. Wani mahauci daga Safana da bai taɓa gani ba ya zauna gefensa, suka gaisa.

"Baba, na ga jaka. Daga birni kake? Me ka gano mana?"

"Hauka na gano a Abuja," in ji Armaya'u. "Ɗana ya kai ni wani lambu, wai wurin shaƙatawa. Ciyawa kore shar, ko akuya ɗaya babu. Manyan mutane da hulunansu suna kwance a kai kamar an watsar da su."

"Ba su da tabarma ne?"

"Ina na sani! Can na hango ma'aikaci ya aske ciyawar da inji, ya loda a baro zai kai bola. Na tare shi, na ce ya zuba mini a buhu in kai wa shanuna. Ɗana ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige."

Mahaucin ya tuntsire da dariya. "Ciyawa tun daga Abuja? Lallai shanunka 'yan gata ne! Guda nawa ne? Ka sayar mini ɗaya mana."

Armaya'u ya girgiza kai.

"Sai da buhun ya cika na tuna. Tun bara ɓarayin daji suka kore su duka."

Mahaucin ya haɗiye dariyarsa. "Allah ya mayar da alheri, Baba. To, ya ka yi da buhun?"

"Na juye wa ma'aikacin abinsa a baro. Na nemi wuri kusa da mahaukatan na kwanta."