Mai Caji Nake So

A wani shagon 'yan China da ke International City, wata budurwa tana duba abin ɗumama hannu, sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya leƙo.

"'Yata, a zafin Dubai kike neman ɗumi?"

"Rasha zan tafi karatu, Baba. Mai caji nake so, wanda zai daɗe."

"Ɗauki na yarwa, ya fi araha. Ai ba daɗewa za ki yi ba. Ɗana Kamal ma, namiji, sanyin can bai bar shi ya zauna jarrabawa ba. Khalas, shi ke nan, ya gudo."

"Allah sarki. To Kamal kaɗai sanyin ya sani, Baba, bai gamu da ni Murjanatu ba tukuna."

Ta juya wurin mai shago. "Mai cajin. Ba ni biyu."