Jirgi Na Goma Sha Biyu

A bakin tafkin Manchar, wani baƙon kafinta ya kama hannun tsoho Khamiso mai jirgi.

"Na sayi jirginka rupi dubu arba'in, Baba. Ka sallama?"

"Na sallama. Ina za ka tuƙa shi?"

"Tuƙi? Tudu zan ja shi, in farfasa in yi ƙofofi."

Khamiso ya zare hannunsa. "Na fasa. Yaro, ƙauyenmu ba shi da ƙasa, jiragen nan ne gidajenmu. Ɗari huɗu na tarar, yau saura sha biyu."

"Kifi ya ƙare, Baba! Katako za ka ci?"

"In yunwa ta matsa, zan gwada. Amma ba ta hannuna za su koma sha ɗaya ba."

Kafinta ya rasa katako, Khamiso ya rasa kuɗi. Ƙauyen ne ya ci riba.