Ɗaki Ɗaya, Filaye Biyu

Shugaban kwamitin tarihi na gundumarmu, Fasto Lindqvist, dangin Haugland da ke zaune a dama, dangin Pruitt da ke hagu suna harararsu, makiyaya maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka ba tsohuwa Wilma dama, ko da yake kun san ko ba ku ba ni ba sai na yi magana.

Yau za a kafa allon tagulla a jikin wannan ɗakin katako, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan gidajen nan biyu ba sa ga maciji a kan sunan da za a rubuta. Ni 'yar Haugland ce, na auri Pruitt. Ko biki na je, ban san ɓangaren da zan zauna ba. Jama'a, na gaji!

Na farko, kowane gida yana da hoton kakansa tsaye a ƙofar nan, kuma babu hoton ƙarya a ciki. Na biyu, ku duƙa ku leƙa ƙarƙashin ɗakin, za ku ga gungume biyu da suka sha ja har suka yi sumul. A zamanin, sai mutum ya gina ɗaki ya zauna kafin filin kiwo ya zama nasa, ga shi a wannan yanki na jihar Wyoming ganin itace sai an yi tafiyar kwana biyu. Sai kakan Haugland da kakan Pruitt, aminan juna, suka gina guda ɗaya. Jami'in filaye ya duba shi da safe a filin Haugland, kafin ya zagayo da yamma shanu huɗu sun ja shi ta bayan tudu zuwa filin Pruitt.

Kakata Signe, matar Haugland, tana ciki ana ja, ta rungume tukunyar wake kada ta kife. Da bakinta ta gaya mini: ɗankwali kawai ta sake, ta tarbi jami'in a matsayin matar Pruitt. Jami'in ya gutsuri burodinta ya ce, "Baiwar Allah, kin fi matar Haugland iya gashi, nesa ba kusa ba." Ta ce, "Ai yallaɓai, waccan ƙazama ce."

Dwight Pruitt, zauna, ban gama ba! Kakanninku sun haɗa kai sun yi wa gwamnati wayo, sun mutu suna aminai, ku kuwa gaisuwa ta gagare ku. Ina roƙonku, a rubuta sunan Signe, domin ita kaɗai ta yi girki a ɗakin nan a filayen biyu. Wanda bai yarda ba, ya kawo shanunsa ya ja.

Allah ya ba mu ciyawa, ya kare maruƙanmu daga sanyi, ya gafarta wa kakanninmu wannan aika-aika, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.