Mai Jan Hannu

Ranar da aka cire masa ɗinkin kafaɗa aka binne matarsa. Yau yana layin wani likitan daban, domin hannun ya ƙi ɗaguwa. Na kusa da shi ya dube shi.

"Malam, kai ma kafaɗar ce?"

"Ita ce. Likitan farko ya ɓata aikin."

"Kar ka ɗauki alhakinsa, sauran aikin na gida ne. Duba nawa." Ya ɗaga hannu sama kamar ɗalibin da ya san amsa. "Mai ɗakina ce. Safe da yamma tana ja, ina ihu. Wallahi ta ishe ni!"

"Allah sarki. Lallai kana fama."

Aka kira mutumin, ya shige. Shi kuwa bai samu ya gaya wa mutumin ba cewa rigar nan ma da ke jikinsa maƙwabci ne ya sa masa.